Faci ko Garambawul: Fa'idodi da Illolin Hanyoyi Biyu na Gyaran Giyar Babbar Mota

Idan za a juye man giya a garejin manyan motoci, yaron gareji ne ke shiga ƙarƙashin mota ya kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye cikin bokiti, sannan ya miƙo wa ogansa notin. A bakin notin nan akwai maganaɗisu, kuma garin ƙarfen da giyar ta ci a cikinta nan yake taruwa. Oga zai shafo da yatsa ya murza. In ya ji laushi kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne, babu giyar da ba ta yin sa. In kuwa ya ji tsaki-tsaki yana sukar yatsa, ko ya ga ɓallin haƙori, sai ya ɗago kai ya dubi mai mota ya ce, "To Alhaji, faci za mu yi ko garambawul?"

Na sha jin wannan tambaya, domin yayana ya yi shekaru yana jan tirela daga Dawanau zuwa Legas, ni kuma ina yaro nakan kai masa abinci gareji duk ranar da motarsa ta kwanta. Abin da na lura da shi tun a lokacin shi ne, yawanci ana amsa tambayar tun kafin a buɗe giyar. Mai mota ya riga ya lissafa abin da ke aljihunsa, bakanike ya riga ya karanci fuskar mai mota, giyar da ake magana a kanta kuma tana nan a rufe ba wanda ya ga cikinta.

Faci shi ne a cire abin da ya lalace kaɗai a sa wani: zoben sinkuro na giya ta uku, ko boris ɗaya, ko silekta da ta lanƙwashe. Garambawul kuwa a wargaza giyabos gaba ɗaya, a wanke, a auna kowane ƙarfe, a sauya duk boris da sil da gasket da zobban sinkuro, a ƙara da duk haƙorin da ya wuce ƙa'ida, sannan a haɗa kamar yadda kamfani ya tsara.

Ba za a gane nauyin zaɓin ba sai an san abin da ke cikin akwatin. Ɗauki giyar ZF mai lamba 16S, wadda kamfanin Jamus da ke Friedrichshafen ke ƙerawa, ita ce a ƙarƙashin DAF da MAN da Iveco da yawa da ke hanyoyinmu. A zahiri giya uku ce a gida ɗaya: ta tsakiya mai hawa 4, ta gaba mai raba kowane hawa biyu, da ta baya mai hai da lo. Huɗu sau biyu sau biyu, shi ya ba da 16. Nauyinta kusan kilo 300 ne, tana shan mai fiye da lita 10. Dukkan sassan nan uku a cikin mai ɗaya suke wanka. Wannan magana ta mai ɗaya ita ce gindin duk abin da zan faɗa.

Kafin a kai ga faci ko garambawul ma, akwai cututtukan da ake ɗora wa giya alhali ba nata ba ne. Motar da ke ƙara a kowace giya idan za a shigar, har da ribas, galibi kuloci ne ba ya saki sosai. Hai da lo da ke jinkirin shiga sau da yawa iska ce ta yi ƙasa, ko bawul ya toshe da ruwa da datti, tunda iska ce ke tura su. Giyar da ke fita da kanta kan iya zama robobin da injin ke zaune a kansu ne suka mutu, ko sandunan da suka haɗa hannun giya da akwatin suka yi sako-sako. Duk waɗannan ana gyara su giyabos na rataye a wurinsa. Bakaniken da ya fara sauke giya kafin ya duba su ya ci kuɗin mutum a banza.

Abin da faci ke da shi

Na farko kuɗi, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Kayan giya duk daga waje suke zuwa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowane boris da ke Kofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ya bi ta. Mutumin da mota ɗaya gare shi, da ita yake ci da gida, da ita yake biyan wanda ya ba shi bashin sayenta, ba rowa ce ke sa shi neman faci ba. Wani lokaci zaɓin da ke gabansa faci ne ko ajiye mota.

Sai lokaci. Faci kan ƙare a kwana ɗaya ko biyu in kayan na kusa. Garambawul na iya cin mako ko fiye, musamman in sai an aika Legas ko Nnewi neman wani haƙori. A lokacin kaka, sa'ad da lodi ke jiran mota a Dawanau, ko lokacin tumatir da albasa, ko gab da babbar Sallah da ake kwasar dabbobi zuwa Kudu, kwana bakwai a gareji asara ce da ba ta dawowa. Albashin direba da na yaron mota na tafiya, ɗan kamasho kuma ya ba wani lodin.

Fa'ida ta uku ita ce wadda masu zagin faci ba su cika ambata ba, ni kuma na fi ba ta nauyi. Ƙarfen da kamfani ya sa a giyar tun farko, ko da ya yi shekara goma yana aiki, sau da yawa ya fi sabon da ke cikin kwali a kasuwa. Haƙoran da suka daɗe suna cizon juna sun saba, kowanne ya kwanta a jikin ɗan'uwansa. In cutar guda ɗaya ce kuma an san dalilinta, misali sabon direba ya riƙa fizgar giya ta uku har ya ƙone zobenta, mai kuma ya fito tsaf, to sauran akwatin lafiyarsa ƙalau, a bar kaza cikin gashinta. Wannan facin gyara ne na hankali, ko a ƙasar da aka ƙera motar haka za a yi.

Inda faci ke cuta

Matsalar tana farawa ne idan cutar ba guda ɗaya ba ce, guda ɗaya ce kawai ta fara kuka. Boris ɗin giya tare aka sa su, tare suka yi tafiya, mai ɗaya suka sha. Wanda ya fara mutuwa ba shi kaɗai ya tsufa ba. Kuma kafin ya mutu ya daɗe yana zubar da garin ƙarfe a cikin man, famfon mai yana ɗauka yana kai wa kowane lungu, har cikin ƙananan boris masu kama da allura da giyoyin ke juyawa a kansu. Maganaɗisu na kama wani, ba ya kama duka, tagulla da alminiyam ma ba ya kama su ko kaɗan. In aka sa sabon boris a akwatin da ba a wargaza aka wanke ba, an ajiye shi ne a cikin abin da ya kashe na farko.

Haka maganar haƙori. Fatar haƙorin giya ce kawai ake ƙarfafawa da wuta a kamfani, kaurinta bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, cikinsa kuma an bar shi da ɗan laushi don kada ya riƙa tsagewa. Da zarar fatar nan ta fara ramuka kamar zanzana, abin da ya rage ba ya daɗewa. In aka sauya giya ɗaya aka bar abokiyar cizonta da ramukanta, tsohuwar za ta cinye sabuwar, shi ya sa ƙa'ida ita ce a sauya su bibbiyu. Mafi muni shi ne a kai haƙori wurin mai walda ya cike shi a goge da dutse. Zafin walda yana kashe ƙarfin fatar haƙoran da ke kusa, cikon kuma ba ya ɗaukar nauyin tan talatin a kan hawa. Akwai kuma dabarar nan ta sassara mazaunin boris da panci idan ya buɗe, don boris ya kama. Yana kamawa, na 'yan makonni, sannan ya sake sakin jiki ya ƙara buɗe ramin, gidan giyar da a da ake iya ceto ya tashi aiki.

Ga kuma lissafin da ake mantawa. Babban wahalar aikin giya ba sauya ƙarfen ba ne, saukewa da mayarwa ne: a cire furofela, a kwance bututun iska da wayoyi, a ɗaure cen bulok, a sauko da kilo 300, a buɗe, a rufe, a ɗaga. Wannan kuɗin ɗaya ne ko zobe ɗaya za a sauya ko akwatin duka. Man giya sabo za a zuba kowane karo, gasket da sil ma haka. Wanda ya yi faci sau uku a shekara ya biya kuɗin saukewa sau uku, ya yi kwanan gareji sau uku, kuma har yanzu tsohuwar giya ce a ƙarƙashinsa.

Sai dai duk wannan maganar kuɗi ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda facin ke warwarewa, don ba a ƙofar gareji yake warwarewa ba. Wata shekara an yi wa motar yayana facin boris, bakaniken ya nuna wa mai motar ramuka a haƙoran shaf ɗin ƙasa, mai motar ya ce a rufe haka, in an dawo daga wannan tafiya a duba. Bayan Tegina, kafin Mokwa, giyar ta kulle da lodin wake a kai. Kwana huɗu suka yi a bakin daji shi da yaron motarsa, suna kwana a ƙarƙashin tirela suna gadin kayan mutane, kafin a turo bakanike da wata giyar daga Kano. Abin da aka kashe a janwe da kuɗin motar bakanike da sauke lodi a wata mota ya ninka abin da aka ƙi kashewa a gareji. Wanda ya yanke shawarar yana gida, wanda ya kwana a daji ba a tambaye shi ba. Tafiyar Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ce, kuma kowa ya san akwai wuraren da ba a son mota ta tsaya ko da rana tsaka. Giyar da ke fita da kanta a gangara irin ta Hawan Kibo kuwa ta wuce maganar asara, domin da ta koma firi injin ya daina riƙe mota, nauyin duka ya koma kan birki.

Garambawul

Fa'idarsa ba ta buƙatar dogon bayani. Ana ganin komai, ana wanke komai, ana gano dalilin cutar ba alamarta kaɗai ba. Sauka ɗaya ce, kuma tunda giya na ƙasa ana duba farantin kuloci da boris ɗinsa da sil ɗin bayan injin a lokaci guda. Mai mota na iya karɓar lodin nesa da kwanciyar hankali, direba ya daina tuƙi kunnensa na ƙasa, in an tashi sayar da motar ma tana da daraja. In aikin ya yi kyau, an sayi shekaru ne ba watanni ba.

In aikin ya yi kyau, na ce. A nan ne illolinsa suke, kuma sun fi yadda ake zato.

Kalmar garambawul ta yi araha a bakin mutane. Wani abin da ake kira da sunan bai wuce a buɗe, a wanke da man gas, a sauya sil da gasket da boris biyu, a fesa wa gidan fenti ba. Mai mota ya biya kuɗin sabuwar giya ya tafi da faci mai kwalliya. Wannan ya fi faci na gaskiya haɗari, don mai faci ya san motarsa na da rauni yana lallaɓa ta, wannan kuwa ya ɗora mata lodi da zuciya ɗaya.

Sannan jabun kaya. Boris na daga cikin abubuwan da aka fi yi wa jabu a duniya, har manyan kamfanoni irin su SKF da Timken sun daɗe suna gargaɗi a kai. Kwali iri ɗaya, lamba iri ɗaya, rubutu a jikin ƙarfe iri ɗaya. Mai faci da ya faɗa hannun jabu boris ɗaya ya saka. Mai garambawul kuwa ya cire goma na asali da ke da sauran rai ya maye su da goma na banza, garin neman gira ya rasa ido. Na ga kanikawa masu tsoron Allah da ke ce wa mai mota, "Alhaji, wannan tsohon ya fi abin da za ka samo, mu mayar da shi." Irin wannan ba ha'inci ba ne, sanin kasuwa ne.

Akwai kuma hannu. Haɗa giya ba haɗa noti ba ne. Boris masu siffar mazurari da ke riƙe shaf ana daidaita matsinsu da siraran washa da ake kira shim, kuma bambancin daidai da kuskure bai kai kaurin takarda biyu ba. In ya matse ya yi zafi ya ƙone, in ya saki shaf ya riƙa rawa haƙora su ci juna a karkace. Wannan sai da agogon awo, ba a jin sa da hannu. Boris ɗumama shi ake yi ya zame a kan shaf, ko a matsa shi da injin matsi. Wanda aka shigar da guduma ya ji rauni tun kafin mota ta tashi. Giyar Eaton Fuller ta motocin Amurka, da ta Howo da yawa, shaf biyu gare su a gefe maimakon ɗaya, kuma dole a jera haƙoransu bisa alama kafin a rufe. In aka kuskure haƙori ɗaya nauyi ba zai rabu daidai ba. Ƙara da ƙura: giyar da aka baje a ƙasa a fili cikin hunturu, kwana biyar ana jiran kaya, ta sha yashi kafin ta sha mai. Garambawul a hannun da bai ƙware ba yana taɓa wurare ɗari, kowanne kuma ƙofar kuskure ce.

Na ƙarshe, a dubi motar kanta. In injin na shan baƙin mai, aksil na kuka, shasi an yi masa walda wuri uku, zuba kuɗin garambawul a giya kaɗai ba hikima ba ce.

A nan ne mutane kan kawo hanya ta uku, wato a sayo giyabos ɗan Baljiyam a ɗora. Yana da sauri, wani lokaci ma ya fi garambawul sauƙin kuɗi, kuma tsohuwar giyar na zama rumbun kayan gyara. Amma saye ne a rufe. Ba ka san tafiyar da ya yi ba, ba ka san dalilin da ya sa aka cire shi ba, garantin 'yan kwanaki da ake bayarwa kuma ya ƙare kafin ka je Legas ka dawo. Wanda zai saya ya tafi da bakanikensa, a buɗe murfi, a duba notin mai, a tabbatar lambar da ke jikin farantin ta dace da motar, don 16S 151 da 16S 221 ba ƙarfin injin ɗaya aka yi su ɗauka ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ba a yanke hukunci sai giya ta sauka an buɗe an wanke, mai mota ko wakilinsa na tsaye, direba ma na tsaye. Direban nan shi ya san ko ƙarar tana ɓacewa in ya taka kuloci, ko tana raguwa a giyar da ƙarfin injin ke wucewa kai tsaye ba ta shaf ɗin ƙasa ba, ko fitar giyar a kan hawa take yi ko a gangara. Kowace amsa tana nuna wani wuri daban a cikin akwatin, kuma bakanike nagari da ita yake farawa. In mai ya fito tsaf, cutar ɗaya ce, an san abin da ya jawo ta, sauran haƙora sumul, a yi faci da kaya na asali, ba tare da jin an yi ƙaranta ba. In akwai tsakin ƙarfe a mai, ko mai ya ƙone ya yi baƙi yana wari, ko ruwa ya shiga ya koma kamar madara, ko wannan ne karo na biyu da ake sauke giyar a shekara, maganar faci ta ƙare. Wanda ba shi da kuɗin garambawul a wannan hali gara ya rage wa motar lodi ya tsare ta a gajeriyar hanya kusa da gida har ya tara, da ya tura bayin Allah biyu Kudu da ita. In kuma an yi garambawul, a ce bakanike ya jera tsofaffin kayan da ya cire a ƙirga su da kwalayen sababbi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Ko wanne aka zaɓa, in ba a kashe dalilin ba za a dawo. Dalilan kuma sanannu ne. Akwai lodin da ya wuce ƙima. Akwai zuba man aksil mai lamba GL-5 a giyar da aka ce a sa mata GL-4, alhali sinadarin da ke cikinsa ba ya shiri da zobban tagulla idan an yi zafi. Akwai sil ɗin baya da ke ɗiga wata da watanni ba wanda ya duba ko mai ya ragu. Akwai mayar da mota lo tana cikin gudu, abin da ke ƙone sinkuron baya. Akwai sakin mota firi a gangara don tsimin man gas: injin na salo, shaf ɗin da ke watsa mai na juyawa a hankali, babban shaf kuma tayoyi na kora shi da gudu a bushe.

Irin wannan ne ke faruwa, har ma ya fi, idan aka ja mota da janwe injin a kashe ba a cire furofela ba. Famfon mai ba ya aiki, tayoyin baya na juya cikin giyar, tafiyar kilomita kaɗan ta isa ta ƙone ƙananan boris ɗin nan su manne da shaf. Motoci da yawa da suka tsaya a hanya saboda matsalar injin ko ta lantarki, lafiyayyar giya gare su lokacin da aka ɗaura musu sarƙa, sun iso gareji suna neman garambawul. Cire furofela aikin yaro ɗaya ne da sifana biyu, kuma bai kai awa guda ba.